Ranar da Aka Karɓi Irin Kaka a Haraji

Ranar wata Asabar ce cikin bazarar shekarar da nake aji huɗu na firamare, ana zafin nan da ko kaji sai sun buɗe baki. Mun dawo daga gidan suna ni da Kaka, ina riƙe mata da kwanon wainar da aka zubo mana. Muna shiga gida ta wuce madafarta don ta sha ruwan randa, ina biye da ita, sai na ga ta tsaya cak a bakin ƙofa, kanta a sama. Na bi inda take kallo. A jikin azarar da ke saman murhu, inda tun da na yi wayo nake ganin zangarnun dawa a rataye, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin, babu komai sai guntun igiya. An jawo turmi an kifa shi a ƙarƙashin wurin, ga sawun ƙafar yaro a cikin toka. Kaka ba ta yi ihu ba, ba ta kira kowa ba. Ta dafa bango ta zauna a dandaryar ƙasa da kayan sunan a jikinta, matar da ko a tabarma ba ta zama sai ta kakkaɓe, tana maimaita innalillahi a hankali kamar wadda aka kawo wa saƙon rasuwa. Ni kuwa na tsaya da kwano a hannu, tun kafin a tambaya na san ƙafar wa ce.

Gidanmu a Tudun Ƙofa yake cikin garin Keffi, babban gida mai zaure, da rijiya a tsakiya da bishiyar mangwaro da ke zubo mana 'ya'ya a kan kwanon ɗakin Umma. Da asuba bayan salla mu mata mu share tsakar gida, mu ja ruwa mu cika randuna, maza su kai wa awaki dusa da ɓawon rogo, sannan kowa ya ɗauki jakarsa. In an taso daga boko a ci abinci a wuce Islamiyya. Abin da ya rage na yamma namu ne, mu yi 'yar carafke a gindin mangwaro, maza su yi langa a ƙofar gida har sai an kira magariba. Gonarmu tana kan hanyar Panda. Baba yana noma masara da doya da ridi, irin masararsa kuma a leda yake sayowa duk shekara. A gefen gonar Kaka take da 'yar gayaunarta, ba ta shuka komai a ciki sai wata jar dawa mai sunkuyar da kai, wadda ban taɓa ganin irinta a gonar kowa ba. Kununta yana da wani ƙamshi kamar na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Duk kaka, kafin a yanke, sai ta bi gonar da kanta da 'yar wuƙa tana zaɓen manyan zangarnu, ta ɗaure su daban, ta rataye a hayaƙi don kada ƙwari su shiga. Mun saba ganinsu har mun daina ganinsu.

A shekarar ne Baffa Isiyaku, ƙanen Baba da ke aikin ofis a Abuja, ya zo da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya ya ajiye a ɗakinsa na zaure. Ba ma taɓa ta sai in yana gari kuma an kawo wuta. A cikinta akwai wani gem, wato wasa, na kafa daula irin ta mutanen da. Ana ba ka fili da wani babban gida, ka danna sai ga ɗan mutum ya fito, ka nuna masa itace ya sara, ka nuna masa gona ya noma, duk abin da ya samu ya kai gidan sarki, lambar da ke saman gilashin ta ƙaru. Ba ya ci, ba ya barci, ba shi da mata, ba shi da uwa. In gonar ta ƙare sai ka sake dannawa ta dawo kore shar. In abinci ya taru da yawa sai a busa ƙaho a ce ka shiga sabon zamani, gidajen su canja kama. Baffa ya ce mana a jikin kwalin an rubuta cewa da masana tarihi aka tsara shi. Ya faɗa ne kawai yana neman wayar da zai jona, amma yayana Nuhu, da ke aji shida a lokacin, ya riƙe maganar kamar karatun allo.

Yaya Nuhu ya fi kowa iyawa. Yaro ne mai kai, a makaranta shi yake zuba wa malami sunayen sarautu ba tuntuɓe, waziri da galadima da madaki da ma'aji, ga shi kuma yanzu ya ga yadda ake mulkin da idonsa. Wata rana muna cike a ɗakin Baffa, Kaka ta leƙo neman wanda za ta aika sayen kanwa, ta tsaya tana kallon 'yan mutanen nan suna kai da kawo. Abin ya ba ta sha'awa har ta yi dariya, ta ce wa Nuhu, da yake shi take wa wasan jika, "Maigida, ashe kana da gandu ka bar ni da yunwa?" Ana cikin haka sai ya zagaye manoman da ke wata gona ya danna wani abu. Suka yi 'yar ƙara suka zube a cikin shukar, jim kaɗan suka ɓace.

"Ina suka je?" in ji Kaka.

"Na goge su. Gari ya cika, wurin sojoji nake nema."

"Laifin me suka yi maka?"

"Ba su yi komai ba, Kaka. Aikinsu ya ƙare ne."

Ta matso da fuskarta kusa da gilashin tana duban waɗanda ke gonar gefe, suna ta saran ƙasa kamar ba a yi komai ba. "Waɗannan kuma suna gani, ba su gudu ba?"

"Ai ba sa gudu."

Kaka ta yi salati ta fita, ta manta da kanwar. Ni ranar ban iya cin tuwo ba. Na tambayi Umma ko 'yan mutanen nan suna da rai, ta ce in bar shirme, hoto ne. Duk da haka da na zo kwanciya sai da na yi musu addu'a, ban faɗa wa kowa ba.

Da yake wuta ba kullum ake kawowa ba, Baffa kuma ba kullum yake gari ba, sai Yaya Nuhu ya fito da daular tsakar gida. Ya naɗa tawul ɗin Baba a ka ya zama sarki. Bulus, ɗan malamin makarantar da ke haya a ɗakin waje, ya zama madaki, mu mata da ƙananan yara muka zama talakawa. Akwai wani kango a bayan gida da aka fara gini aka bari, an jingina masa tsohon kwano a maimakon ƙyaure, nan ne gidan ajiyar sarki. Duk abin da ya shigo hannunka na ci, can za shi. Mangwaron da ka tsinta, gyaɗar da aka ba ka, har ƙanzon da na kankare a tukunya sai da madaki ya karɓe. In muka yi ƙorafi sai sarki ya ce haka ake yi a da, talaka ba ya ajiye komai, kuma sai abinci ya cika kafin mu shiga sabon zamani. Ba mu san mene ne sabon zamanin ba, amma muna ɗokinsa. Ranar sunan nan, da manya suka watse gida ya zama nasu, sarki ya duba ya ga ajiya ba ta cika ba, ya tuna da baƙaƙen zangarnun da ke rataye ba mai amfani da su.

Da aka gane inda aka kai su, duk gidan muka ɗunguma bayan gida. Kwanon ƙofar yana kwance a ƙasa. Awakinmu suna ciki cikinsu ya yi tim, ɗaya tana tauna guntun igiya, kaji suna tsince abin da ya zube. Babu abin da ya rage sai tsirarun karare da ƙaiƙayi. Kaka ta durƙusa tana shafa ƙasa da tafin hannu ko za ta sami ƙwaya, Umma ta kama ta tana ba ta haƙuri. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas 'yan kwanakin nan, kowa yana gyaran gona, shuka ta ƙarato. A rumbu kuma ko ƙwaya ba ta saura ba, don dawar ba ta da yawa, tun kafin azumi aka shanye ta a kunu.

Baba ya karyo reshen dalbejiya zai daki Yaya Nuhu. Kaka ba ta kiran sunansa, da yake ɗan fari ne, ta dai ce, "Kai, ajiye. In ka dake shi akuyar za ta amayo mini ne?" Yaya Nuhu yana tsaye da tawul ɗin har yanzu a wuyansa, ya ga an hana dukansa sai ya sami bakin magana. Ya ce, "Kaka, ba sai a sayo wani a kasuwa ba? Ko a gem ma in gona ta ƙare sake ta ake yi." Ba da rashin kunya ya faɗa ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Kaka ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa, ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar ta daina ce masa maigida, sai Nuhu, kuma wannan ya fi masa bulalar zafi.

Bayan la'asar ta fito ta zauna a gindin mangwaro tana jan carbi, muka rarrafo kusa da ita ɗaya bayan ɗaya. Ba faɗa ta yi ba, labari ta ba mu, wanda ta ji daga bakin kakarta. Ta ce a zamanin da, in an gama girbi, jakadan sarki yakan zo ƙauyensu ya sauka a gidan mai gari. Ba ranar yake fara karɓa ba. Sai an ba shi ruwa ya ci tuwon garin, sai an zaga da shi gonaki ya ga yadda damina ta yi, masu unguwanni su yi ta faɗa masa wane fara ta ci gonarsa, wance mijinta ya rasu da tsakar noma, a yi ta ja-in-ja ana roƙo ana ragi. Sannan a fitar da rabon sarki, ya ɗora wa jakuna ya tafi, shi ma ya ɗan ciji nasa a hanya, kowa ya sani. Amma kafin a taɓa dami ɗaya, iri an riga an ware shi an rataye, kuma ba a ƙirga shi cikin abin da mutum ya noma. "Wanda ya karɓi iri," in ji ta, "baɗi wa zai karɓa a wurinsa?"

Ta ce ba duka ne masu tsoron Allah ba, kada mu ɗauka mutanen da waliyyai ne. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, aka aiko wani sabon jakada mai son ya burge ubangidansa, ya ƙi sauraron kowa, ya sa aka shiga har madafai aka sauke abin da ke rataye. Mutanen ba su yi masa gardama ba, har rakiya suka yi masa. Kafin damina ta faɗi suka kwashe yara da awaki suka bar garin, ko kare ba su bari ba. Da ya dawo wata kakar sai ya tarar da ciyawa a cikin ɗakuna. Kakarta tana budurwa lokacin, ita ce ta tura 'yan zangarnu cikin zaninta sa'ad da ake sauke na uwarta, da su aka fara shuka a sabon wurin da suka zauna wajen Agwada. Daga hannunta zuwa na 'yarta, zuwa na Kaka, da ta taho da su Keffi cikin kayan aurenta. Ba shekarar da aka fasa shukawa sai bana.

Yaya Nuhu yana bayan bishiya yana ji. Washegari ba wanda ya je fadar sarkin namu. Ba hana mu aka yi ba, kawai kowa ya ga ƙafarsa ba ta son zuwa, har Bulus madaki ya koma buga ƙwallo a layin baya. Baffa da ya zo ya ji abin da ya faru, ya zauna a ƙofar ɗakin Kaka, sai cewa yake daulolin cikin gem ɗin ma ba na ƙasar nan ba ne. Ta ce masa ko na wace ƙasa ne ai da baki suke cin abinci.

Abu ɗaya ya rage mata. Tana da ƙawa tun ta ƙuruciya a Agwada, Mama Rifkatu, wadda ta taɓa ɗibar wa irin shekaru da yawa da suka wuce. Ranar kasuwa muka shiga mota, Kaka da ni da Yaya Nuhu, don ta ce da shi za a je. Hanya ba kyau, muna ta karo da buhunan mutane. Mun sami Mama Rifkatu tana ɓarar agushi a inuwa, 'yar tsohuwa ƙarama mai ƙaramin gicciye a wuya. Suka rungume juna suka juya harshe zuwa yaren da ba ma ji, suna tafawa. Da Kaka ta faɗi abin da ya kawo ta sai na ga dariyar matar ta tsaya. Ta ce da Hausarta mai ɗan karkata, "Ayya, 'yar'uwa. Yarana sun daina shuka ta, sun ce tana daɗewa ba ta nuna ba. Ta gwamnati suke yi yanzu." Kaka ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta. Na ji kamar in fashe da kuka a gidan mutane.

Can Mama Rifkatu ta tashi ta shiga wani tsohon ɗakin ciyawa da aka mai da wurin ajiye tarkace, muna jin ta tana ture kaya tana tari. Ta fito da yana a ka, riƙe da wasu 'yan zangarnu da ta ce ta soke a jinka tun shekarar da ta yi ta ƙarshe, don kunun mai jinya, ta manta da su. An daɗe ba a hura wuta a ɗakin ba, ƙwari sun yi musu kaca-kaca, kana taɓawa gari yana zuba. Aka shimfiɗa faifai aka murje su a kai. Ta dubi Yaya Nuhu sama da ƙasa, don Kaka ta riga ta ba ta labari, ta ce, "Wannan ne sarkin? Ranka ya daɗe, matso ka tsinci talakawanka, idonmu ya mutu." Ya durƙusa bai ɗago ba. Muka yi ta tsinta ƙwaya ƙwaya, mai huda a gefe, mai lafiya a cikin murfin kwano, har rana ta karkata. Abin da muka samu bai cika tafin hannuna ba, ni da nake yarinya. Kaka ta raba shi biyu ta tura wa ƙawarta rabi. Mama Rifkatu ta ce haba, ta kwashe duka. Kaka ta ce a'a, kada ya sake zama a hannu ɗaya, ta shuka ko a bayan ɗaki ne. Ta ƙulle nata a bakin zani, duk hanyar dawowa hannunta yana kan ƙullin.

Ba ta shuka da ruwan farko ba, sai da ƙasa ta sha sosai. Ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Bayan nan kullum aka taso daga makaranta Yaya Nuhu sai ya ɗauki keken Baba ya tafi gona, ya dawo a tambaye shi ya girgiza kai. Tsohon iri ne, ba wanda ya san ko da sauran rai a cikinsa. Ranar da ya shigo gida da gudu ya jefar da keken a zaure, Kaka tana kan sallaya. Ta sallame ta dube shi, ya ɗaga mata kai alamar irin ya tsiro. Sai ta sake kabbara.

Ba duka suka fito ba, layin duk giɓi ne, tsiro nan, tsiro can. Amma waɗanda suka fito sun yi kyau. Da suka fitar da kai, Yaya Nuhu ne ya ɗaura gwangwanaye a igiya yana korar tsuntsaye har muryarsa ta dishe. Shekarar ba wanda ya sha kunun jar dawa a gidanmu, duk abin da aka yanka sama aka rataye shi. Ranar da aka kawo shi gida Kaka ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Maigida, bana ka bar ni da yunwa, baɗi sai ka ciyar da ni." Ya juya ya fita zaure da sauri don kada mu ga fuskarsa.

Kaka ta rasu ina aji biyu na babbar sakandare, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Umma ta ci gaba da shukawa na 'yan shekaru, sai gari ya cim ma gonar, aka yanka ta filaye, yanzu ɗakunan hayar ɗalibai ne a wurin. Bayan na yi aure na taɓa zuwa Agwada gaisuwa, na tarar Mama Rifkatu ma ta riga mu gidan gaskiya. Na tambayi jikokinta jar dawa mai sunkuyar da kai, suka dubi juna, ɗaya ya ce ko a can cikin ƙauyuka.

Yau 'ya'yana suna yin irin wannan wasan a wayar babansu, ba sai an jira wuta ba. Ya fi na Baffa kyau nesa ba kusa ba, da ganuwar ƙasa da rawuna da kasuwa, har suna cewa an sa daulolin ƙasarmu a ciki. Wani lokaci in na gama aiki nakan zauna kusa da su ina tsintar shinkafa ina leƙe. Rannan na tambayi babban me zai faru in ya kwashe abincin garin duka. Ya ce wata 'yar fuska ce za ta yi ja a saman gilashin, sai ka danna a yi musu biki ta koma kore. Na ce ba wanda zai ɗaure kayansa? Ya yi dariya ya ce, "Umma, su je ina?" Na buɗe baki zan ba shi labari sai aka busa masa ƙaho, ya juya. Mutanen da ba sa iya tashi su bar maka gari, ban san yadda yaro zai koyi jin tsoron Allah a kansu ba.